Sharhi: Kuɗin komawa gida daga Alaska

Duk wanda ya duba tallace-tallacen kamfanonin jiragen ruwa masu kai 'yan yawon shaƙatawa jihar Alaska ta Amurka zai ga farashi mai rahusa. Abin da ba a cika bayyanawa ba shi ne kuɗin jirgin saman da zai mai da matafiyi gida, alhali kuwa ya kamata a haɗa shi cikin lissafi tun farko.

Tafiyar da ake haɗawa da ziyarar daji takan fara ne daga birnin Vancouver na Kanada, a yi kwana 7 a teku, a sauka a Seward ko Whittier. Daga nan sai jirgin ƙasa zuwa gandun dajin Denali, a ƙare a Anchorage ko Fairbanks. Ke nan inda matafiyi ya hau daban, inda ya sauka daban. Tikitin zuwa da dawowa na gari guda ba zai amfane shi ba.

Tushen lamarin wata dokar Amurka ce ta 1886, wadda ta hana jirgin ruwa mai rajistar ƙasar waje ɗaukar fasinjoji daga wata tashar Amurka ya sauke su a wata. Manyan jiragen kuwa kusan duk rajistar waje gare su. Da Kanada ta rufe tashoshinta saboda annobar korona, sai da majalisar dokokin Amurka ta sassauta dokar na ɗan lokaci a kakar 2021.

Ga kuma ƙurewar lokaci: kakar tana tsakanin Mayu da Satumba ne, dubban fasinjoji na neman kujera rana guda, yawancin jiragen da ke barin Anchorage zuwa nesa kuma sai cikin dare suke tashi.