MOTA DA MAI ITA: IDAN TSATSA TA CINYE ƘASAN BASUWAJA

A makon jiya ne wani mai karanta wannan fili ya aiko mini da takarda daga Ikko, yana neman shawara game da wata tsohuwar Basuwaja da ya gada daga mahaifinsa. Ya ce injinta lafiya lau yake, amma ran nan da ya ɗaga shimfiɗar roba ta bayan kujerar direba sai ya hangi kwalta ta cikin wata kafa. Wani mai walda ya ce masa ya kawo ta ya lafta mata ƙarfen ganga a gama a yini guda. Tambayarsa ita ce, ya yarda ko kada ya yarda?

Amsata a taƙaice ita ce kada ya yarda. Amma bari in faɗi dalili, domin na san ba shi kaɗai ne ke da irin wannan mota a ajiye ba.

Irin Basuwajan da muke magana a kai ita ce mai ƙusumbin nan da Yarabawa ke kira Ijapa, wato kunkuru, wadda injinta ke baya kuma iska ke sanyaya shi. A shekarar 1975 aka fara harhaɗa ta a masana'antar Volkswagen da ke Ojo, kan hanyar Badagiri, daidai lokacin da kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata, don haka malaman makaranta da akawuna da yawa da ita suka fara sanin daɗin mota. An daina ƙera ta kwata-kwata a 2003 a ƙasar Meziko, bayan an yi fiye da miliyan 21. Ke nan duk wadda ka gani a titi yau ta kwana biyu a duniya.

Ginin wannan mota ya sha bamban da na Fijo 504, wadda bodinta da ƙasanta a haɗe suke. Ita Basuwaja gida biyu ce. Akwai shasi a ƙasa, wanda ke da wani dogon bututun ƙarfe a tsakiya kamar ƙashin baya, an kuma liƙa masa farantin ƙarfe ɗaya a dama ɗaya a hagu da ɗigon walda. Waɗannan farantai su ne daɓen da fasinja ke ɗora ƙafa, kuma a kansu aka kafa layukan kujerun gaba. Sa'an nan aka ɗora bodi a sama aka ɗaure da notuna, da roba a tsakani don hana ruwa shiga. To, wanda ya bar daɓen nan ya ruɓe, ya sani kujerarsa a kan tsatsa take zaune, kuma ranar da aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, babu abin da zai riƙe ta.

Tsatsa dai ruwa da iska ne ke haifar da ita a jikin ƙarfe, gishiri kuwa ƙara mata sauri yake yi. Shi ya sa motar da ta yi zamanta a Ikko ko Fatakwal ta fi ta Sakkwato saurin ruɓewa. Amma kada mutanen Arewa su saki jiki, domin yawancin ɓarnar daga ciki take farawa: robar gilashi ta tsufa, ruwan damina ya zurara, ya kwanta ƙarƙashin shimfiɗa wata da watanni ba wanda ya sani. Wurin da ya fi lalacewa shi ne ƙarƙashin kujerar baya ta hannun dama, inda batir yake zaune, saboda ruwan batir cin ƙarfe yake yi. Ni kaina na taɓa ganin batir yana reto a ƙarƙashin mota, wayoyinsa kaɗai ke riƙe da shi, mai motar kuwa yana ta tafiyarsa.

Kafin a sayi kome, a shiga ƙarƙashin motar da sukundireba a riƙa caka ko'ina, kada a ji tausayi. Idan ramin ɗaya ne bai wuce tafin hannu ba, kuma ƙarfen da ke kewaye da shi yana amsa guduma da ƙara mai kyau, ana iya yanke wurin a sa sabon ƙarfe daidai bakinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗora faci a kan tsatsa, domin ruwa zai shiga tsakanin ƙarfen biyu ya ci gaba da aikinsa a ɓoye. Idan kuwa ɓarnar ta kai gindin kujera ko bakin notuna, sai dai a sauya farantin ɗungurungum. Har yanzu ana buga sababbi a ƙasashen waje. A nemi mai kauri, kamar milimita 1.2, a guji mai arahan nan da ke lanƙwashewa a hannu. A kuma tabbata ya dace da shekarar motar, domin layin kujera ya bambanta.

Aikin da ya fi inganci shi ne a raba bodi da shasi. Za a fara cire batir da tankin mai da kujeru, a kwance sitiyari da wayoyi, sa'an nan notuna, waɗanda yawancinsu sufana mai lamba 13 ke kamawa. A jiƙa su da mai tun kwana biyu kafin ranar, don in ɗaya ya karye a ciki an sayi wahala. A nan ne ya kamata a duba dogayen bututun nan biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi, waɗanda aka yi domin kai iska mai ɗumi cikin mota a ƙasashen sanyi. Mu ba ruwanmu da ɗuminsu, amma su ne haƙarƙarin bodi, kuma a jikinsu notunan daɓe ke kamawa. Idan sun ruɓe, sai an tokare bakin ƙofofi da sandunan ƙarfe kafin a ɗaga, in ba haka ba bodi ya karkace, ƙofa ta ƙi rufuwa har abada. Majiya ƙarfi huɗu ko biyar sun isa su ɗauke shi.

Sai a ɗauki gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan. A huda ɗigon walda ɗaya bayan ɗaya, a ɓamɓare tsohon ƙarfe da kurfi, amma kada a kuskura a yanke leɓen bututun tsakiya, don a kansa sabon faranti zai kwanta. A nan ina jan kunnen mai walda da babbar murya: bututun mai yana bi ta cikin ƙashin bayan nan tare da wayar kuloci da ta totur, bututun birki kuma yana kwance a gefensa ta wajen direba. A tsiyaye mai, a hura bututun ya bushe, a ajiye abin kashe gobara kusa. Haka kuma lambar shasi tana kan bututun nan, ƙarƙashin kujerar baya. Wanda ya goge ta da injin gurza ya jawo wa mai mota magana da 'yan sanda.

Kada a yi gaggawar kunna wuta. A gwada farantin, a rage bakinsa, a auna a ga ramukan notuna sun yi daidai da na bodi, sa'an nan a huda ƙananan ramuka a gefensa, tazarar kamar inci biyu, a cike su da walda yadda za su kama leɓen. A riƙa tsallakawa daga nan zuwa can don kada zafi ya taru wuri ɗaya. Waldar gas da aka saba da ita a garejojinmu tana murɗe ƙarfe marar kauri, saboda haka in da hali a nemi mai injin walda na waya.

Bayan an gama a toshe duk bakin haɗi, a shafa jan fenti mai hana tsatsa sama da ƙasa, a bi shi da baƙi, a sa sabuwar roba kafin a mayar da bodi. Batir kuma a sa masa tire na roba, a ɗaure shi, a rufe kansa, domin wayoyin kujerar baya suna iya taɓa shi su ta da wuta idan mai nauyi ya zauna.

Shi kuma mai takardarmu na Ikko, ya fara sauya robar gilashin gaba da ta baya tun kafin damina ta kankama, ko da kuɗin faranti ba su samu ba tukuna. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.