Su a bazara: Ina giwan ruwan Kogin Kaduna ya shiga?

Duk wanda ya bi titin Kachia da yamma, daga Sabon Tasha zuwa Unguwar Boro, zai ga kifi a kan tebura da wuraren gashi. Sai dai mafi yawansa iri biyu ne: tarwaɗar da ake kiwo a gida, da kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje. Giwan ruwa kuwa, sai an sa cigiya, duk da cewa Kogin Kaduna bai da nisa da unguwar.

Giwan ruwa shi ne babba a kifayen kogunan Najeriya. Yana iya kai tsawon mita 2, nauyinsa kuma ya doshi kilo 200. Namansa fari ne, ba yawan ƙaya, shi ya sa yake da tsada.

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya tsananta, kogin yakan janye har duwatsu su fito fili. Kifaye sai su taru a gurabe masu zurfi. Ga masunci wannan ne lokacin samu, domin abin da zai yi mako yana nema a damina yana iya kwashe shi a wuni guda. Matsalar ita ce, a daidai wannan lokaci ne ake yi wa kogin ɓarnar da ba ya iya mayarwa.

Dalili kuwa yana cikin yanayin kifin kansa. Giwan ruwa ba ya saurin balaga, yakan ɗauki kusan shekara 3 kafin ya fara haihuwa, kuma macen sai ta haura rabin mita sosai. 'Ya'yansa a bakin gaɓa suke zama, cikin ciyayi, inda raga mai ƙananan idanu ke isa gare su cikin sauƙi. Idan aka ja taru a gurbi a watan Afrilu, ana kwashe uwa da 'ya'ya ne a tashi ɗaya. Wanda aka sayar a faranti tare da ƙananan karfasa, da an bar shi shekara biyu ko uku, shi kaɗai zai biya kuɗin farantin sau da yawa.

Akwai kuma masu zuba guba. A da ganyen magimfa ake dakawa, daga baya aka koma ga magungunan ƙwari irin su Gamalin 20, wanda sinadarin da ke cikinsa ya shiga jerin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta haramta tun 2009. Gurbin da aka zuba wa irin wannan ba ya barin komai, kuma kifin a cikin mutane yake ƙarewa.

Ba a rasa doka ba

Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Gida ta 1992 ta haramta amfani da guba, da nakiya, da wutar lantarki wajen su. Ta kuma hana raga mai idanun da ba su kai milimita 76 ba, in ban da wasu nau'o'in da ta keɓe. Ta ba hukumomi ikon rufe wani ɓangaren ruwa na wani lokaci.

Amma doka a takarda daban, ma'aikaci a bakin kogi daban. A matakin tarayya an mayar da harkar kifi ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Teku da aka kafa a 2023, wadda hankalinta ya fi karkata ga tashoshin jiragen ruwa. Alƙaluman da gwamnati ke yawan ambata sun ce ƙasar na buƙatar tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, tana samar da kusan kashi ɗaya cikin uku. A maganar cike wannan giɓi, kiwon tarwaɗa ake ta zance. Kogi ba shi da mai magana da yawunsa.

Ɗora wa masunta laifin duka kuwa zalunci ne. Giwan ruwa kifi ne da ba ya jure ruwan da iskar shaƙa ta yi ƙaranci a cikinsa. Tarwaɗa za ta rayu a taɓo, shi ba zai iya ba. A bazara ruwan ya yi ɗumi, ya ragu, amma ƙazantar da magudanan gari ke kwararowa ba ta raguwa. Shekara da shekaru magudanar Makera tana kai dattin masana'antun Kakuri cikin kogin, shi kuma Rafin Romi yana ɗauko abin da ke fitowa daga matatar mai da aka buɗe a 1980. Yawancin masaƙun sun durƙushe, matatar ma ta daɗe ba ta tace mai. A 2023 kamfanin NNPC ya ba Daewoo kwangilar gyara ta, kuma ya kamata mazauna Romi da Unguwar Boro su riƙa tambayar inda ruwan dattinta zai bi idan ta dawo aiki. Ga masu ɗibar yashi da ke ruguza gaɓar da ƙananan kifi ke fakewa. A ƙasa kuma madatsun Shiroro da Zungeru sun datse hanyar kifin da ke haurowa daga Kogin Neja.

Abin da Argungu ta nuna

A bikin kamun kifi na Argungu na 2020, kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne. Ba sa'a ce kawai ta kawo haka ba. Ɓangaren Matan Fada da ake gasar a rufe yake a sauran watanni, Sarkin Ruwa da masarauta ne ke tsare shi, kuma jama'a suna jin maganarsu. Kifi yana samun shekara guda cur babu mai taɓa shi.

A Tafkin Kainji ma, wani shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ya ja sarakuna da masunta a jiki a shekarun 1990 har aka hana jan dala. A Tafkin Victoria na Gabashin Afirka, inda ake fitar da naman giwan ruwa zuwa Turai, doka ta hana kama wanda bai kai santimita 50 ba.

Cikin duk abubuwan da ke damun Kogin Kaduna, wannan ne mafi araha a gyara. Tace ruwan datti na buƙatar biliyoyin naira, madatsa kuwa ba za a rushe ta ba. Amma ware gurabe biyu ko uku a yankin Chikun, a hana su a cikinsu daga Maris har ruwa ya dawo, abu ne da hakimai da sarakunan ruwa da ma'aikatar gona ta jiha za su iya zama su yanke.

Inda gizo ke saƙa shi ne abin da masunci zai ci a waɗannan watanni. Rashin tsaro ya hana da yawa zuwa sassan kogin da ke ƙauyukan Chikun da Shiroro, sai aka taru a ɗan abin da ke kusa da gari. Wanda aka ce ya ajiye tarunsa a watan da ya fi samu, sai an nuna masa wani gurbin da zai shiga, ko a ba shi raga mai manyan idanu a madadin wadda aka karɓe.