Takobin Westbrook da tambayar da ke jiran 'yan siyasar Kebbi ta Tsakiya

A watan Yunin 2025 Legas ta karɓi baƙuncin gasar wasan takobi ta Afirka. Shekara guda kafin nan, Fares Ferjani na Tunisiya ya ci azurfa a Olamfik ta Paris a nau'in sabar, inda ake samun maki da sara ko suka daga ƙugu zuwa sama. Wasan ya fara kafuwa a nahiyar, amma a Najeriya harkarsa ta taru ne a Legas.

Rayuwar Peter Westbrook, wanda ya rasu a Nuwamban 2024, ta nuna yadda ake gina zakara. Ya tashi a gidajen talakawa na birnin Newark da ke Amurka. Mahaifiyarsa, 'yar Japan, ita ta tura shi koyon takobi a makarantar sakandare domin raba shi da faɗan unguwa. Wasan ya sama masa gurbin karatu kyauta a Jami'ar New York. Ya zama zakaran sabar na Amurka sau 13, ya kuma ci tagulla a Olamfik ta 1984 a Los Angeles.

A 1991 ya kafa gidauniyar da ke koyar da yaran marasa galihu takobi, tare da sa ido kan karatunsu. A nan aka horar da Ibtihaj Muhammad, wadda ta fafata sanye da hijabi ta kuma ci tagulla tare da tawagar Amurka a Rio a 2016.

Abubuwa uku suka ɗaga Westbrook: makaranta mai ɗakin atisaye, koci na dindindin, da tallafin karatu. Babu ɗaya da ya fi ƙarfin gwamnatin jiha.

Takobi ba baƙo ba ne a masarautar Gwandu, kuma matasan Jega da Maiyama sun san kokawa da dambe. Aliero na da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda za ta iya zama cibiyar horo ga makarantun kewaye. Rabon riguna da kofi a kakar zaɓe ba ya samar da koci.

Gabanin zaɓen 2027, matasan Kebbi ta Tsakiya na da damar tambayar kowane ɗan takara: nawa ne kasafin wasannin makarantu, kuma koci nawa aka ɗauka aiki?