A bar baƙin tabki su yi guzuri

Duk wanda ya je bakin tabkin Madarunfa ko na Tabalak cikin watan Maris zai ga wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da siririn baki suna tonon laka daga safe har maraice. Waɗannan tsuntsaye baƙi ne. Suna zuwa ƙasar Nijar bayan damina, su yi sanyi nan, kuma in bazara ta kama su ƙetare hamadar Sahara zuwa arewacin Turai da Rasha, inda suke ƙwai. Cin da suke yi babu hutu shi ne guzurinsu, domin kitsen da suka tara ne ke ɗaukar su tahiyar dubban kilomita.

A wannan lokaci ne masu kallon tsuntsaye ke zuwa da madubin hangen nesa da na'urar ɗaukar hoto. Wasu mutane na ganin aikin banza ne. To, ba haka ba ne. Da hoto ake gane irin tsuntsu, da shi ake karanta lambar zoben da masana suka sa masa a ƙafa, har a san ƙasar da ya fito. In baƙin suka ragu a tabki, alama ce ruwa ya ja baya ko laka ta mutu, kuma masunta da makiyaya da masu noman rani su ne za su fara jin jiki.

Amma mai hoto ma yana da nasa laifi in ya matsa kusa har garke ya tashi. Kowane tashi na banza yana cinye guzurin tsuntsu, kuma wanda ya shiga hamada da rama ba ya ƙetarewa. Ya kamata a tsaya nesa, a zauna shiru, a yi haƙuri.

Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare wuraren ruwa a 1987, kuma an sa Tabalak cikin jerinta a 2005. Takarda kaɗai ba ta tsaron tabki. Wajibi ne ma'aikatan gandun daji da hakimai su hana ɗana raga da harbi a bazara. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci kuwa suna iya rubuta ranar zuwan baƙin, da ranar tashinsu, da yawansu.

Babu mai taɓa shamuwa in ta sauka gari. Baƙin tabki ma sun cancanci wannan mutunci.