A Shata Wa 'Yan Kallo Hanya Kafin A Saki Motoci

Duk wanda ya tashi a Wusasa ko a cikin birnin Zariya ya san yadda a ke kallon hawan Salla. Ba mai tsayawa wuri guda. Yaro ya kan fara kallo daga Ƙofar Doka sa'ad da Sarki ya taso daga Idi, da dawaki sun wuce sai ya zura da gudu ta lungu ya tare su a Babban Dodo, daga nan kuma ya sake kutsawa don ya riga su isa ƙofar fada ya ga jafi. Dogarai sun san wannan hali, shi ya sa aikinsu ya fi yawa a mararraba da bakin lunguna, inda mutane ke tsallake hanya. Amma doki yana da ido, yana da linzami, mahayin kirki kuwa ya kan zame shi cikin taku kaɗan. To, yau muna so mu yi magana a kan abin hawan da ba ya gani, ba ya kuma tsayawa don an yi masa tsawa, watau motar tsere.

Tseren motoci na dogon zango iri biyu ne. Akwai wanda a ke kewaya fili guda dare da rana, kamar na garin Le Mans a ƙasar Faransa, wanda aka fara a 1923, inda motoci ke gudu awa 24 a kan hanyar da kewayenta ya kai mil takwas da rabi. Akwai kuma wanda a ke ratsa garuruwa da dazuzzuka kwana da kwanaki. Kada mai karatu ya ce wannan zancen Turai ne kawai. A 1974 motocin da suka taso daga London za su Munich sun keto Sahara sun zo har Kano kafin su juya arewa. A watan Janairu na 1979 tseren Paris zuwa Dakar na farko ya bi ta Agadas da Yamai, daga nan kuwa ya daɗe yana ratsa ƙasar Nijar. A nan gida an sha haɗa tseren motoci da bikin kamun kifi na Argungu. Samarinmu ma sun ƙwallafa rai ga wasan mota, kowa na ganinsu a wuraren biki. Babbar hanyar da ta taso daga Kaduna ta nufi Kano a bakin ƙofarmu ta wuce. Ran da aka ce za a yi irin wannan tsere a ƙasar Zazzau, mu ne 'yan kallo, 'ya'yanmu ne za su cika bakin hanya.

Ra'ayinmu shi ne, ba mu ƙi tseren ba. Yana kawo baƙi, yana kawo ciniki ga masu masauki da masu abinci da makanikai. Amma muna roƙon hukuma kada ta yarda da shi sai masu shiri sun nuna a rubuce inda 'yan kallo za su tsaya, da kuma hanyar da za su bi in sun tashi daga wannan wuri za su wancan. Wannan na biyun shi a ke mantawa da shi, a nan kuwa ajali ya fi ɓuya.

Dalili kuwa a fili ya ke. Mai kallon ƙwallo ya kan zauna wuri guda ya ga wasa daga farko har ƙarshe. Mai kallon tseren dogon zango ya kan jira awa guda a rana, mota ta zo ta wuce kafin ya ƙifta ido, sai ƙura. Daga nan sai ya ji an ce ai can kwana ta gaba ta fi daɗin kallo, ko can bakin rafi inda motoci ke faɗawa ruwa. Sai ya tashi, wani a ƙafa, wani a keke, wani a babur da goyo biyu, kowa na so ya riga motar gaba. Hanyar da ta fi kusa kuwa ita ce hanyar tseren kanta.

Bari mu yi ɗan lissafi. Motar da ke gudun mil 100 a awa tana cin kusan yadi 49 a cikin sakan ɗaya. Mutum mai tafiya yana bukatar kamar sakan shida kafin ya tsallake hanya mai faɗin yadi takwas. A cikin wannan lokaci motar ta ci kusan yadi 300, watau kusan tsawon filin ƙwallo uku. Wanda ya hango ta can nesa ya ce bari in yi maza, bai san ta riga ta iso ba. Ga kuma ƙura: in mota ta wuce a hanyar burji, wadda ke binta a baya ba a ganinta, direbanta ma ba ya ganin kowa. In da dare ne, fitilunta su kashe wa mutum ido ya rasa gabas ya rasa yamma.

Waɗanda suka riga mu wannan wasa da jini suka koyi darasinsa. Ran 11 ga watan Yuni, 1955, a Le Mans, motar Mercedes da Pierre Levegh ke tuƙawa ta hau bayan wata, ta tashi sama, ta tarwatse cikin jama'a. Shi da mutum fiye da 80 suka mutu. Waɗannan bayin Allah a tsaye su ke a wurin da aka ba su, sai dai wurin ya yi kusa da hanya, katangar da ke tsakani kuwa ba ta isa kome ba. Abin lura kuma, masu shirin ba su tsai da tseren ba, hujjar da suka bayar ita ce, in dubban mutane suka tashi tafiya gida lokaci guda za su toshe hanyoyi, motocin asibiti su rasa wurin wucewa. Ko mutum ya yarda da wannan hujja ko bai yarda ba, ta nuna mana cewa zirga-zirgar 'yan kallo na iya zama masifa ta biyu a kan ta farko.

Bayan wannan aka sake ginin wurin, aka nisanta jama'a daga hanya. Yanzu mai kallo a can ya kan tsallake ta kan gada ko ta ƙarƙashin ƙasa, in kuwa yana so ya je kwanonin nesa irin su Mulsanne da Arnage, akwai motocin safa da ke kai mutane su dawo da su ta wata hanya dabam. Da irin wannan shiri ne suka karɓi mutum 325,000 a 2023, shekarar da tseren ya cika 100.

Inda ba a yi haka ba, an ga sakamako. A ƙasar Italiya a da akwai tseren mil dubu da a ke yi a kan hanyoyin jama'a daga Brescia zuwa Rum a dawo. A watan Mayu na 1957 tayar motar Alfonso de Portago ta fashe kusa da ƙauyen Guidizzolo, ya mutu shi da abokin tafiyarsa da 'yan kallo tara, biyar daga cikinsu yara ne. Daga ran nan aka binne wannan tsere. A ƙasar Fotugal kuwa a da mutane sun saba tsayawa a tsakiyar hanya sai mota ta matso su dare. A watan Maris na 1986 wata mota ta ƙwace ta afka cikinsu kusa da Sintra, mutum uku suka mutu nan take, da dama suka ji rauni, manyan direbobi suka ce ba za su ci gaba ba.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne na Dakar, don mutanen da ya ratsa irinmu ne. A 1988 motar tsere ta kashe wata yarinya 'yar shekara goma a ƙasar Mali tana tsallake hanya. A 2006 an kashe yara maza biyu, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal, na biyun ma motar kayan aiki ce ta take shi. Waɗannan yara ba su sayi tikiti ba, ba wanda ya shawarci iyayensu, tsere ne ya zo ya same su a ƙofar gida. Da aka soke tseren a 2008, aka kai shi Amurka ta Kudu a 2009, sa'an nan Saudiyya a 2020, tsoron 'yan bindiga a Muritaniya ne ya kore shi. Jinin yaran ƙauye bai taɓa tsai da shi ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa in ba mu tsare namu ba, baƙo ba zai tsare mana su ba.

Mutanen Kenya sun fi mu sanin wannan sha'ani. Tserensu na Safari an fara shi a 1953 don murnar naɗin Sarauniya Elizabeth, aka yi shekaru ana yinsa a kan hanyar da lori da shanu da masu tafiya a ƙafa ke bi. Bayan 2002 ya fita daga jerin gasar duniya, bai dawo ba sai 2021, a yankin Naivasha, a kan hanyoyin da aka rufe. Duk da haka motocin 'yan kallo sun sha cushe hanyar Nairobi har mutane su kwana a ciki. Ashe rufe hanyar tsere rabin aiki ne, sauran rabin shi ne hanyar jama'a.

Saboda haka ga abin da mu ke roƙo. Na farko, a zaɓi wuraren kallo kaɗan, a kan tudu, nesa da bayan kwana, don in mota ta ƙwace can ta ke nufa. Allah Ya hore mana duwatsun Kufena da makamantansu, wanda ya hau zai ga nesa ba tare da ya kusanci hanya ba. Na biyu, kowane wurin kallo a haɗa shi da na gaba da hanyar da ba ta taɓa ta tsere, a sa motocin haya su yi jigila a kanta, a hana babura bin bayan motocin tsere. Na uku, inda tilas a tsallake, a yi ƙofa guda a sa ma'aikaci mai tuta da usur, kada kowa ya ƙetare sai ya ba da izini. Na huɗu, mota mai jiniya ta riga wucewa ta shaida an rufe hanya, wata kuma ta biyo ta ƙarshe ta shaida an buɗe, a koya wa jama'a kamanninsu. Na biyar, a bar hanya guda fayau don motar asibiti, ko za ta asibitin Wusasa ko za ta Shika, ko Gwamna ne ya zo kada a ajiye motarsa a kanta.

Na shida kuwa, wanda ya fi duka, a sanar da mutane da bakin da su ke ji. Takardar da aka manna da Turanci ba ta isa ga matar da za ta rafi ko yaron da ke kiwo ba. A bi ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwa, a sa sankira ya yi shela, a faɗa a rediyo da masallatai da coci-coci da makarantu, a kai saƙo rugage ta hannun arɗo. Kada a sa tsere ran kasuwar garin da zai ratsa, ko lokacin tashin 'yan makaranta. 'Yan sanda da ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ba za su iya tsare mil ɗari su kaɗai ba, amma kowane ƙauye na iya tsare bakin ƙofarsa in an gaya masa rana da sa'a.

Mun san masu shiri za su ce wannan duk kuɗi ne. Gaskiya ne. Amma wanda ya iya sayen motar tsere da tayoyinta da manta, ya iya sayen igiya da tuta, ya biya 'yan gadi ladan yini biyu. In kuɗin bai kai ba, a rage tsawon tseren har ya zo daidai da abin da za a iya tsarewa. Waɗansu kuma za su ce ai in kwana ya ƙare ko a kan gado sai a tafi. Haka ne, amma ba mu ga wanda ya bar rijiyar gidansa a buɗe don ya yarda da ƙaddara ba. Waɗansu kuwa za su ce a hana abin gaba ɗaya a huta. Mu dai muna ganin in aka hana na fili, samari za su ci gaba da nasu na ganganci a kan titin gari, inda ba igiya, ba tuta, ba likita.

Sauran magana ta jama'a ce. Iyaye, ran da aka ce motoci na zuwa, ku riƙe hannun ƙananan yara kamar yadda ku ke riƙe su ran hawan Daushe, har ma fiye. Samari, in kun sami wuri mai kyau ku tsaya nan, motar da ta wuce ku wata na tafe bayanta. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya sa hukuma ta duba wannan tun ba a kafa tuta ba, Ya kuma mai da kowane ɗan kallo gidansa lafiya, amin.