Kowane Allazi da Nasa Amanu

Akwai wata cuta da ta kan kama mai ilmi sa'ad da ya fara jin daɗin alƙalami. Ita ce ya riƙe salon rubutu guda ɗaya mai manyan kalmomi, ya riƙa auna wa kowa da shi, sarki da talaka, yaro da babba. A ganina wannan kuskure ne, gama rubutu saƙo ne, saƙo kuwa in bai isa ba, ɗan aike ya sha rana a banza.

Mu ɗauki misali a Zawaciki, cikin ƙasar Kumbotso ta Kano, inda aka buɗe tashar kaya ta tsandauri ta Dala a 2023. Kusa da nan akwai ma'aikatun Calawa, inda a ke jimar fata. Majeman cikin birni da bagaruwa su ke jima, amma ma'aikatu da magunguna masu ƙarfi, waɗansu ma su kan ci naman mutum. To, a ce akawun wata ma'aikata, ko a Calawa, ko Sharaɗa, ko Bompai, an kawo musu gangunan irin wannan magani, ya zama wajibi ya rubuta takardu uku a kansa rana ɗaya.

Ta fari sanarwa ce da za a manna a bango domin leburori. Wannan ba ta son ado. Kalmomi kaɗan, manyan baƙaƙe, Hausa tsantsa: kada a taɓa sai da safar hannu, in ya zuba a jiki a wanke da ruwa mai yawa nan da nan. In akwai masu karanta ajami kaɗai, a rubuta musu da shi. In akawu ya zuba dogon Turanci don a san ya yi makaranta, wani bawan Allah ne zai biya da hannunsa ko idonsa.

Ta biyu takarda ce zuwa ga kwastan. Su abin da su ke nema shi ne sunan kaya daidai, da yawan ganguna, da nauyi, da kwanan wata. Karin magana ba shi da wuri a nan. Lamba ɗaya in ta kuskure, kaya su kwana a tasha, kuɗin ajiya ya hau.

Ta uku wasiƙa ce zuwa ga Hakimi, a roƙe shi ya gargaɗi jama'a kada a shayar da dabbobi a magudanar ruwan ma'aikata. A nan gajartawa rashin ladabi ce. Sai an fara da gaisuwa da ban girma, a ce ranka ya daɗe, sa'an nan a kawo bukata a hankali, a nuna dalili. Wanda ya aika wa Hakimi da umurni irin na bango ya ɓata bukatarsa da kansa.

Waɗansu su kan ce wannan baki biyu ne, wai mai gaskiya murya ɗaya gare shi. Amma ku duba, maganar da ke cikin takardun nan uku ɗaya ce, ba a rage gaskiya ba ko kaɗan. Mai baki biyu shi ne wanda ya ke sauya gaskiyar kanta. Wanda ya sauya lafazi don a fahimta, adalci ya yi wa mai karatu.

Magabatanmu ma haka su ka yi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya wallafa wa malamai littattafai da Larabci, ya kuma tsara wa jama'a waƙoƙin wa'azi da Fillanci. 'Yarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, jajis ɗinta su ka kai waƙoƙinta ga matan ƙauyuka. Malam Abubakar Imam kuwa, hannun da ya rubuta wa yara Magana Jari Ce, shi ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, amma bai yi wa manya magana da muryar yara ba. Ba wanda ya ce ilminsu ya ragu saboda haka.

Mu da za mu koyar, nauyin nan a wuyanmu ya ke, domin 'yan ajinmu su ne akawunan gobe. Shawarata ita ce, kada mu tsaya ga ba yara insha'i ɗaya mu duba kurakuran baƙi kawai. A ba su magana guda, a ce su rubuta wa lebura, su rubuta wa kwastan, su rubuta wa Hakimi. A hore su su tambayi kansu kafin su ɗauki alƙalami: wa zai karanta, me ya riga ya sani, me kuma na ke so ya aikata in ya gama? Yaron da ya saba da wannan ba zai ji kunya ba ko a ofis ko a fada.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.