Giyar Tsohon Keke In Ta Soma Gardama

Wannan mako maganata da waɗanda suka gaji tsohon keke ce, irin su Raleigh, mai giya uku a ɓoye cikin cibiyar ƙafar baya. Sau da yawa in giyar nan ta soma gardama, sai mai gyara ya ce wai cikinta ya mutu, a kwance ta a ɗaura cibiya marar giya. Ni kuwa na ce a dakata tukuna, gama galibin ciwon nan ba a ciki yake ba, a waya yake.

Ka goge jikin cibiyar da tsumma. Kadan ka ga an rubuta Sturmey-Archer da haruffan AW, to, da kai nake. Lambobin da ke kusa da su shekara ce da watan da aka ƙera ta. A Nottingham ta ƙasar Ingila aka kafa kamfanin nan cikin 1902, ya fito da AW cikin 1936, kuma can aka yi ta ƙerawa har shekarar 2000, sa'ad da SunRace ya saye shi ya mai da aikin Taiwan.

Ga yadda take aiki. Giya ta 2 ita ce daidai wa daida, ta 1 tana rage rubu'i domin hawan tudu, ta 3 tana ƙara sulusi domin gudu. Abin da ke zaɓen giya wani ɗan ƙarfe ne mai yatsu huɗu, yana zamewa bisa sandar da ƙafa ke juyawa a kanta. Sifirin na tura shi wajen ta 3, waya kuwa na jawo shi zuwa ta 2 da ta 1. To, tsakanin ta 2 da ta 3 akwai wani gurbi inda yatsun nan ba su kama kome ba. Da waya ta saki kaɗan, sai ƙarfen ya faɗa gurbin, feda ta juya wayam. Wanda ya miƙe tsaye yana taka tudu, abin ya kuɓuce masa, shi ya san zafin ƙarfen keke, im ma bai sha ƙasa gaban mota ba. Kowace kuɓucewa kuwa tana cin bakin yatsun, ga shi kayan gyaran ba kowace kasuwa ake samunsu ba.

Gyaran ba ya bukatar ko sifana. Sa kunamar da ke kan keke a lamba 2. Sa'an nan ka tsuguna wajen dama, inda 'yar siririyar sarƙa ke fitowa daga cikin dogon noti. Notin yana da 'yar taga a gefe. Leƙa ciki, za ka ga sarƙar tana haɗe da wani tsinken ƙarfe mai kafaɗa. Abin da ake so shi ne kafaɗar nan ta yi daidai da bakin sanda, kada ta fito, kada ta nutse. Sassauta ɗan notin da ke inda waya ta haɗu da sarƙa, ka murɗa mahaɗin har su daidaita, kana ka ɗaure. Gwajinsa: a lamba 3 waya ta yi sako-sako, a lamba 1 ta yi tauri, amma in ka ja sarƙar da yatsa ta ƙara fitowa ɗan kaɗan.

Duk ran da aka kwance ƙafar baya domin faci, sai an sake wannan awo, domin ƙafa ba ta komawa mazauninta na dā sosai. Masu faci kaɗan ne ke kula da haka. Waɗansunsu ma sukan yar da washa mai haƙori wadda ke hana sanda juyawa, suna tsammani ado ce. Tsinken kuma a murɗa shi da hannu har ya tsaya, a komo da shi baya, kada ya wuce rabin juyi. Kadan ya karye, a nemi mai tsawonsa, don sandunan ba tsawonsu ɗaya ba.

In an daidaita ta koma gardama bayan kwana biyu, bi waya tun daga kunama. Watakila ta soma tsinkewa, ko ta yi tsatsa cikin rigarta, ko maɗaurin da ke riƙe rigar a jikin keke yana zamewa.

Saura maganar mai, kuma nan ake ɓarna. Tsohuwar AW tana da ɗan murfi a jikinta, ta nan ake ɗiga man inji marar kauri, ɗigo kaɗan a kai a kai. Kada a sa man gyaɗa ko man ja, ko giris mai kauri. Cikinta akwai 'yan harsunan ƙarfe waɗanda sifirin siriri kamar gashi ke tayarwa, su ne ke ƙarar nan ƙyas-ƙyas in ana tafiya. Man girki in ya daɗe yakan daskare kamar ƙaro, ƙurar hunturu ta haɗu da shi, harsunan su manne. In ta riga ta daskare, a zuba kananzir kaɗan, a juya ƙafa, a bari ya tsiyaye, a bi da mai. Wajen canja giya kuwa a sassauta taka feda. Ko a tsaye ma tana canzuwa.

Sai an yi duk wannan, ta 3 ba ta daina kuɓucewa ba, sa'an nan a buɗe. Galibi za a tarar yatsun nan huɗu da kawunan ƙusoshin da suke kamawa sun cinye, a sake su tare. Mai buɗewa ya tuna, notin boris na dama a ɗaure shi da yatsa, a komo rabin juyi, a kulle. Daidaita boris daga hagu ake yi.